Sajan Ya Shanya

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina shafin yau, ina shafin yau", na ji ku. Maijidda, ke kam har cewa kika yi za ki biyo ni gida da muciya. Mayar da muciyarki tukunya, ga shi nan. Yau ranar shari'a ce.

*

Sajan Manjo Dodo mai ritaya ya jawo teburin cin abinci zuwa tsakiyar falo, ya zauna a bayansa. Ya ɗora sandar faretinsa a dama. Ya ɗora wani ƙaton kwaɗon rufe ƙofa a hagu.

Hantsin Asabar ne, zafi kamar a soya ƙwai a kan kwano, amma ya ɗaure cikin tsohon kakinsa har da lambobi.

"An buɗe kotu."

Matarsa Hannah tana gefe a kan kujera 'yar tsugunno tana ɓarar gyaɗa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kotun me a falona?"

"Kotun soja. Ke 'yar kallo ce. 'Yar kallo ba ta magana."

"To."

Waɗanda ake tuhuma suna tsaye a gaban teburin. Joyce, 'yarsa ta fari, rungume da jaka a ƙirji. Sai ƙawarta Bushira, wadda suka buɗe shagon kwamfuta tare a bakin titi, cikin ɗakin da shi Sajan ɗin ya ba su aro.

"Ku tsaya sosai. Ƙafa a haɗe. Ƙirji waje. Hannu..."

Ya gyara murya. 

"Hannu a ƙasa."

Bushira ta cije leɓe har sai da ta ji gishiri.

Mako uku ke nan da aka naɗa shi shugaban tsofaffin sojojin yankinsu. Ran bikin aka toshe tagogin zauren taro da barguna, aka rataya farin zane, aka kunna majigi don a nuna kyautar da Joyce ta ce ta sa wani kamfani a Kaduna ya yi wa babanta: ɗan fim na zanen kwamfuta, Sajan a filin fareti yana sara wa tuta.

Sajan kuwa ya fito. Fuskar tasa ce, gashin bakin nasa ne, har manyan kunnuwan. Sai dai bai sara wa kowa ba. Tsaye yake ƙiƙam, hannuwa a shanye dama da hagu kamar mutum-mutumin gonar dawa. Badujala tana tashi, shi kuma yana sululu a filin, ƙafa ba ta motsi, fuska a murtuke. Ya nufi sandar tuta, ya ratsa ta cikinta, ya ɓulla bayanta, ya shige bango, ya ɓace.

Daƙiƙa arba'in kacal. Wani tsohon kofur sai da aka yi masa fifita.

Ga shi shekarar 2008 ce, shekarar da kowane ɗan kabu-kabu a Zuru ya koyi tura abu daga waya zuwa waya ta bulutut. Kafin Laraba, garin ya samu sabuwar gaisuwa.

Sajan ya buga sanda a tebur.

"Jiya na je wurin mai gashin kaji. Ina tsaye wani ya zo bayana ya ce a ba shi Sajan ɗaya da rabi. Na waiwaya, na zaci ni ake kira. Mai gashi ya ɗauko banƙararriyar kaza ya fara yankawa."

Ya ƙara buga sandar.

"Shekaranjiya an yi biki a Danko. Mai hoto bai ce a yi murmushi ba. Cewa ya yi, 'A shanya!' Mutum sittin. Har ango."

"Baba..."

"Ban gama ba! Ɗan kabu-kabu ya hango ni, ya saki kan babur, ya shanya, ya zarce cikin kwata. Ni na ciro shi. Yana cikin kwatar yana dariya. Shekara talatin da biyar na yi wa ƙasa aiki. Yau in na wuce ƙofar makaranta, 'yan aji ɗaya su tsaya a layi su buɗe hannu kamar za su tashi sama."

Ya jawo takarda da biro.

"Jibi Litinin za mu Kaduna, ni da mutum huɗu. An gama maganar bas. Kofur Mika zai zo da igiya."

"Igiyar mi, Baba?" in ji Bushira.

"Shi ya sani. Joyce, adireshin kamfani."

"Ai... na ji kamar sun tashi daga wurin."

"Za mu fara daga inda suka tashi. Wace unguwa?"

"Bayan kasuwa."

"Wace kasuwa?"

"Babbar."

Ya rubuta. "Sunan kamfani."

"Tauraro," in ji Joyce.

"Alheri," in ji Bushira, baki ɗaya da ita.

Biron ya tsaya.

Bushira ta yi maza. "Tauraron Alheri, Baba."

Sajan ya ajiye biron a hankali. Ya kalli wannan, ya kalli waccan. Irin kallon da a zamaninsa yake sa kurtu ya tuna laifin da ya yi tun yana firamare.

"Na yi wa sojoji tambaya sun fi ɗari biyar. In mutum biyu suka ba ni suna biyu, na uku ne na gaskiya. Joyce. Mene ne na ukun?"

Joyce ta kalli uwarta. Uwar tana ɓarar gyaɗa kamar ba a falon take ba.

Ta tuna Kofur Mika, ta tuna igiya, ta tuna wani bawan Allah a bayan kasuwar Kaduna da zai wayi gari da tsofaffin sojoji biyar a ƙofar shagonsa.

"Babu kamfani, Baba."

"Ɗaga murya."

"Babu kamfani. Ni na yi."

Fanka ce kawai take ƙara a sama.

"Ke."

"Ni."

"Da hannunki."

"E."

"Ke da na sayar da sa biyu na tura ki karatun kwamfuta. Kika dawo kika shanya ni."

"Ba shanya ka na yi ba, Baba, wallahi. Ka bari in yi bayani."

"Kotu tana ji."

Joyce ta goge tafin hannunta a siket.

"Duk mutumin da aka ƙera a kwamfuta, a haka ake fara shi. Tsaye, hannu a buɗe."

"Don me?"

"Kamar in ka je wurin tela. Ba yana cewa ka buɗe hannu ya auna ka ba? To haka ne. Sai an ga hamata, an ga haƙarƙari, an sa masa riga ta zauna. Bayan nan a zura masa ƙasusuwa. Bayan nan a koya masa motsi, taka ƙafa, ɗaga hannu, juya kai. Shi motsin daban ake ajiye shi. In ya ɓace, sai mutumin ya koma yadda aka haife shi."

"Yadda aka haife shi."

"E."

"Ni aka haifa haka?"

"Ba kai ba, Baba. Shi."

"Shi wa? Gashin bakin wa gare shi?"

Daga gefe Hannah ta ce, "Uwarka dai ta ce min da ƙafa ka fito. Ba ta yi maganar hannu ba."

"'Yar kallo!"

"To."

Joyce ta ci gaba da sauri. "Wata biyar ina aikin. Ya yi kyau, Baba, na rantse ya yi kyau. Da safen bikin aka ɗauke wuta, kwamfutata ta mutu ta ƙi tashi. Muka kwashi aikin muka mayar cikin ta Bushira. Jikin ya biyo mu, motsin bai biyo ba. Faifan fim ɗin yana fitowa daga kwamfuta aka aiko cewa manyan baƙi sun zauna, ni ake jira. Ban duba ba. Na ɗauka na ruga."

"Kin fita fareti ba ki duba bindigarki ba."

"E, Baba."

Bushira ta ga ya kamata ta sa baki. "Baba, ka ɗauke shi awa soja ne da ba a ba oda ba. Shina nan tsaye shina jiran a ce mishi ga abin yi."

"Sojan da ba a ba oda ba, hannunsa a baya yake sawa. Ba ya tsayawa kamar an wanke shi an manta da shi a igiya. Kuma a wace runduna soja yake ratsa bango?"

"Shi ma bangon ba a hwaɗa mishi bango ne ba, Baba."

"Rufe min baki."

Ya ɗauki kwaɗon ya juya shi a hannu. Joyce ta gane don ƙofar shagonsu aka tanade shi. Shagon nan shekara biyu suna gina shi, daga buga katin biki da takardun makaranta har suka kai inda ake zuwa daga Bena a ce su ake nema.

"Laifi na ɗaya ya tabbata. Ƙarya ga babban hafsa. Hukunci: ɗakina zan karɓa. Kwamfuta ta koma kwali."

"Baba, ba ka ma tambaye ni me ya sa na..."

"Laifi na biyu." Ya ɗaga yatsa. "Faifan nan, a ranar na karɓe shi da hannuna, na karya shi biyu, na jefa a masai. To ta ina na fito na shiga wayar mai gashin kaji?"

Ya kalle su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya fitar da ni?"

Joyce ta girgiza kai. "Ni ban ba kowa ba. Kwana uku ban ma ci abinci ba."

"Bushira."

"Na'am, Baba."

"Wa kika ba?"

Bushira ta kalli rufi. Ta kalli kalandar coci da ke bango. Idonta ya zame ya faɗa kan kujera 'yar tsugunno, ta yi maza ta janye shi.

"Baba, alkawari na ɗauka."

"Wa kika yi wa?"

Kafin ta buɗe baki, wani sauti ya tashi a falon.

Badujala.

Ita dai. Wadda Sajan yake sululu a cikinta, da ganga da ƙaho, har wurin nan da ake buga faranti daidai lokacin da ya ratsa sandar tuta.

Sajan ya miƙe zumbur. Ya duba taga. Ya duba ƙarƙashin tebur. Sannan a hankali ya juya.

Sautin daga ƙugun Hannah yake fitowa.

Ta kwance bakin zani ba gaggawa, ta ciro waya, ta kara a kunne.

"Alo? Maman Destiny, ina cikin kotu, zan kira ki."

Ta kashe. Ta mayar. Ta ɗauki gyaɗa.

"Hannah."

"'Yar kallo ba ta magana."

"Na ba ki izini!"

"To. Ni ce."

Ya koma ya zauna.

"Mama!" in ji Joyce. "Ina kuka kina lallashina, ashe ke ce?"

"Lallashin na gaske ne. Wayar ma ta gaske ce." Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. "Washegarin bikin na je shago na ce wa Bushira ta sa min shi. Ta ƙi. Na tuna mata wa ya goya ta ran da ta faɗi a makaranta ta fasa goshi. Ta sa."

"Sai kika raba wa gari."

"Ban raba ba. Ni ko bulutut ɗin ban san inda yake ba. Na je zumuntar mata ran Talata, ana jiran matar fasto, na ce bari in ɗan duba abina. Maman Destiny ta leƙo. Ta ce in ara mata wayar ta gani da kyau. Ta miƙa wa ta kusa da ita. Kafin wayar ta zagayo ta dawo hannuna har ta yi zafi."

"Mata nawa?"

"Ran nan an cika. Akwai rabon shinkafa."

Sajan ya dafe kai.

"Shekara talatin da ɗaya ina tare da ke. Abokin gaba yana cin tuwo da ni a kwano ɗaya. Me na yi miki, Hannah? Dariyar me kike nema a kaina?"

"Wa ya ce maka dariya nake yi?"

"Me kike yi?"

"Ran farko na yi dariya, ba zan yi ƙarya ba. Har sai da na riƙe bango. Amma ba don shi na ajiye ba."

Ta ture faifan gyaɗar gefe. Wannan karon ta kalle shi sosai.

"Dodo, shekara talatin da ɗaya, sau nawa ka taɓa buɗe hannu a gidan nan?"

Ba ta jira amsa ba.

"Ran da aka haifi Joyce, aka miƙo maka ita, hannunka a baya ka leƙa ka ce, 'Ba laifi.' Ran da ka dawo daga aikin ƙasar waje, wata goma sha huɗu ban san kana raye ko ka mutu ba. Na rugo tasha ba takalmi. Ka sauko daga mota, ka tsaya, ka ce min, 'Ya gida?' Kamar jiya ka fita sayen sabulu."

"Soja ba ya..."

"Na sani. Soja ba ya. Shi ya sa da na ga wannan, ga fuskarka, ga ɗaurewar nan taka duka, amma hannu a buɗe, yana tahowa, sai na ce to, ko na kwamfuta ne a ba ni. Kullum in na gama aiki sai in kunna, in ga mijina yana tahowa zai rungume ni."

Ta jawo faifan gyaɗar.

"Sai dai kullum ya wuce ni ya shige bango. Nan ma ya yi kama da kai."

Bushira ta toshe baki da gyale. Ba ta san ko dariya ce take zuwa ko kuka ba.

 Sajan ya gyara sandar da ba ta karkace ba. Ya ce, "Wannan ba ya cikin tuhuma."

"Ai ba tuhuma ba ce. Labari ne."

Joyce ta matso. Ta zuge jakarta, ta ciro laftof, ta ɗora a kan teburin kotu ba tare da neman izini ba.

"Mene ne wannan?"

"Shaida. An gyara min kwamfutar tun makon jiya, na samo motsin. Na so in nuna maka, amma in na nuna ka san ni ce."

"Ba na son ganin..."

"Ka rufe shagon, Baba, ɗakinka ne. Amma sai ka gani."

Ta danna.

Badujala ta tashi. Sajan ya runtse ido ɗaya.

Ga filin fareti. Ga shi nan ya fito. Amma yanzu ƙafa tana dukan ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, sanda a hamata, ƙirji waje. Ya zo gaban tuta ya ja birki, ya buga ƙafa. Hannun dama ya tashi, cak, yatsu a gefen hula. Ya riƙe shi a nan har kiɗan ya ƙare.



Duk gidan sun san abin da ba a faɗa. Tun harsashin da ya same shi a kafaɗa, hannun damansa ba ya wuce ƙirji. Shekara goma sha ɗaya, duk ranar tunawa da mazan jiya, abokansa suna sarawa, shi yana tsaye hannu a gefe, yana kallon gaba kamar bai damu ba.

"Ina ganinka kowace shekara," in ji Joyce. "In an busa ƙaho sai kafaɗarka ta motsa, sannan ta koma. Na ce tunda likita ya kasa, bari ni in ɗaga maka shi. Ko sau ɗaya, a gaban abokanka."

Sajan yana kallon laftof ɗin. Gashin bakinsa yana motsi shi kaɗai.

"Gwiwar hannun ta yi ƙasa kaɗan," in ji shi.

"Zan gyara."

"Babban yatsa kuma a manne yake zama."

"To, Baba."

"Sake kunnawa. Kotu ba ta gani da kyau ba."

Ta sake.

"Sake."

Sau huɗu. A na huɗun ya ciro hankici ya ce fankar nan tana watso ƙura a ido, a kira mai gyara. Hannah ta ce to.

Ya ɗauki kwaɗon, ya jinjina shi, ya buɗe aljihun tebur ya jefa, ya rufe.

"Kotu ta duba. Laifi na ɗaya, gargaɗi. Laifi na biyu..." ya saci kallon matarsa, "...a canza kiɗan waya."

"Ban iya ba."

"An ɗage wannan. Tafiyar Kaduna an soke. A gaya wa Mika ya mayar da igiya wurin akuyarsa. Wannan na gaskiyar kuma a sa shi a bulutut ɗin, a ba mai gashin kaji, a ba Maman Destiny, a ba kowa. An rufe kot..."

"Baba."

Bushira ce. Yatsanta ɗaya a sama kamar 'yar aji uku.

"Mene ne?"

"Akwai saura."

"Sauran me?"

"Laihi na ukku."

Joyce ta juyo. "Bushira, wane na uku?"

"Ke ma ba ki sani ba. Walle ban san mi ya kai ni ba. Da na ga gari duk ya ɗauka, na ce to ai ruwa ya riga ya zube, bari ko shagonmu ya samu suna. Sai na je kafe na ɗora shi intanet."

"Ina ne nan?" in ji Sajan. "Ya wuce Danko?"

"Ya wuce, Baba."

"Kontagora?"

"Baba, duniya ce duka."

Ya dafe teburin.

"Da wane suna?"

"Sunanka. Da Zuru. Da adireshin saƙon shago, ko wani zai so aiki."

"Mutum nawa suka gani?"

"Ran Alhamis dai dubu goma sha ɗaya. Har hotuna suna turowa. Wasu Turawa sun shanya gaban wani dogon gini. Wasu 'yan ƙwallo sun ci ƙwallo sun shanya. Akwai wanda ya shanya kyanwarsa."

"Kyanwa."

"Ta yi kyau, Baba."

"Bushira!" Joyce ta daka mata tsawa.

"Ba shi ne zancen ba." Ta zura hannu cikin jaka, ta ciro takarda a ninke huɗu, duk ta yamutse. "Wannan saƙon anka turo shekaranjiya. Na buga shi. Kwana biyu ina yawo da shi, in zan ba Joyce sai gabana ya hwaɗi."

Sajan ya miƙo hannu. Joyce ta riga shi.

Ta warware. Turanci ne, layi biyar, da hoto a ƙasa. Ta karanta layin farko. Ta karanta na biyu. Bakinta ya tsaya a buɗe.

"Karanta wa kotu," in ji Sajan.

"Baba, gara..."

"Oda ce. Da Hausa, uwarki ta ji."

Joyce ta fara fassarawa.

"Ya ce... yana gaisuwa. Ya ce wani abokinsa ne ya nuna masa fim ɗin a kafe, ya yi ta dariya, ya kai gida ya nuna wa mamarsa ita ma ta yi dariya. Sai ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa."

Hannun Hannah ya tsaya cak a cikin gyaɗa.

"Ci gaba," in ji ta.

"Ya ce mamar ta ce ko a cikin duhu ta san kunnuwan nan. Ya ce tun yana yaro yake tambaya ana ce masa wani sojan Najeriya ne da ya zo aiki ƙasarsu ya koma." Muryar Joyce ta yi ƙasa. "Ya ce sunansa Solomon. Solomon Dodo."

Hannah ta tashi. Gyaɗa ta watse a siminti, ba ta kalla ba. Ta zo ta zare takardar daga hannun 'yarta, ta kai ta bakin taga inda haske yake.

Wani dogon saurayi ne a hoton, tsaye a ƙofar wani gida, ya shanya hannuwa dama da hagu, ya murtuke fuska. Kunnuwan kamar an cire na Sajan an manna masa.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo.

"Dodo. Tashi daga kujerar nan."

Sajan Manjo Dodo, wanda bai taɓa karɓar oda daga farar hula ba, ya tashi. Ta zagaya ta zauna a bayan tebur. Ta ɗora takardar a gabanta, ta danne da sandarsa.

"An buɗe kotu. Je ka tsaya can inda yaran suka tsaya."

Ya je ya tsaya. Gumi yana bin wuyan kakinsa. Ya karkato kai wajen Bushira, ya yi ƙasa da murya sosai, wai don kada a ji.

"Ke... daga wace ƙasa ya ce?"

Hannah ta ɗago a hankali.

"Ƙasashen nawa ne?"